Berea, Grinnell ko Macalester: a wace ƙaramar kwaleji za ka iya zaman shekara huɗu?

Ranar da ɗiyar yayata ta kawo mini takardar da ta jera makarantun da take son nema a Amurka, abu biyu kawai ta rubuta a gaban kowane suna: kuɗin makaranta, da matsayinta a jerin makarantun da suka yi fice. Na ce mata, "To ranar Sallah ina za ki je idi? Asabar da daddare kuma da wa za ki yi hira?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, ai karatu zan je yi."

Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. A ƙananan kwalejojin Amurka da ake kira libral-ats, wato inda ɗalibi ke ɗanɗana tarihi da lissafi da falsafa da kimiyya kafin ya tsaya a kan fanni guda, zaman aji bai cika wuce awa 12 zuwa 16 a mako ba. Sauran lokacin duk a cikin harabar makaranta ake cinye shi, tare da mutum dubu ɗaya da ɗari biyar ko dubu biyu da za ka riƙa haɗuwa da su safe da yamma har shekara huɗu. Malamai a irin waɗannan wurare kusan duk ƙwararru ne, aji ƙarami ne, malami zai san sunanka tun makon farko. Ta wannan fuska bambancinsu kaɗan ne. Inda suka rabu da juna shi ne abin da ke faruwa bayan an tashi daga aji. Yaran da na ga sun sha wuya a can, ba karatu ne ya kayar da su ba, zaman ne.

Na zaɓi guda uku da na ga yaranmu na yawan ambata, kuma kowace tana cika lokacin ɗalibi da wani abu daban: Berea da aiki, Grinnell da 'yan'uwansa ɗalibai, Macalester da birni. A ƙasa zan taɓo wasu biyu da ke nan kusa da gida, saboda dalilin da ya zama dole a faɗa.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba wanda ke rubuce a takardar makaranta kaɗai ba. Akwai tikitin jirgi, inshorar lafiya, rigar sanyi da takalmin ƙanƙara, da abincin lokacin hutu in an rufe ɗakin cin abinci. Wannan na ƙarshen shi ne ake yawan mantawa da shi.

Na biyu sauƙin shiga cikin mutane. Baƙon da bai san kowa ba, wanda Turancinsa na makaranta ne ba na hira ba, cikin mako nawa zai sami waɗanda za su neme shi in ba su gan shi a wajen cin abinci ba?

Na uku salla da abinci. Wani zai ce ai wannan yana cikin na biyu. A wajena ma'auni ne mai zaman kansa, don yaron da ya tashi yana jin kiran salla sau biyar, ranar da ya wayi gari bai ji ba, sai ya gane yadda agogon rayuwarsa ya dogara da shi.

Na huɗu ɗorewa, ta fuska biyu: me zai rage a hannunka bayan ka karɓi takarda, kuma ita kanta makarantar tana da ƙarfin da za ta kai ka ƙarshe? Ƙananan kwalejoji na rufewa a Amurka. A 2024 kaɗai, Birmingham-Southern a jihar Alabama da Wells a jihar New York sun rufe ƙofa, ɗalibai suka watse neman inda za su ƙarasa. Abin da ke kare makaranta daga haka shi ne asusun waƙafinta, dukiyar da aka tara ake juyawa ana gudanar da ita da ribar.

Na biyar haɗari, na jiki da na zuciya da na takardu.

Berea: inda aiki ne ke haɗa mutane

Berea tana wani ƙaramin gari mai suna iri ɗaya a jihar Kentaki, a bakin tsaunukan Appalachia. Wani malamin coci mai adawa da bauta, John G. Fee, ya kafa ta a 1855 don baƙi da farare, maza da mata, su zauna aji ɗaya, a yankin da a lokacin ake sayar da mutane. An kore shi daga jihar a 1859, ya dawo. A 1904 majalisar jihar ta yi dokar da ta tilasta raba baƙi da farare a makarantu, ba a sassauta ta ba sai 1950. Carter G. Woodson, wanda ya assasa makon tarihin baƙar fata a Amurka, a nan ya gama a 1903. Na kawo wannan ne don ka san irin wurin da za ka shiga: makaranta ce da ta san talaka, kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kawai take ɗauka.

Tun 1892 ba a biyan kuɗin koyarwa a Berea. A maimakon haka, kowane ɗalibi, ba a cire kowa ba, yana aiki aƙalla awa 10 a mako. Wani a ɗakin karatu, wani a gonar makaranta, wani a kicin, wani a otal ɗin Boone Tavern da makarantar ta mallaka, wani a dajinta mai faɗin kadada dubbai. Akwai kuma sashen sana'ar hannu inda ɗalibai ke saƙa, da sassaƙa, da ginin tukwane, da haɗa tsintsiya ana sayarwa. Ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowace awa, ana kuma duba aikin kamar yadda ake duba jarrabawa. In ka gama, ban da takardar sakamakon karatu, za a ba ka takardar shaidar ayyukan da ka riƙe.

A kan kuɗi babu mai kama ƙafarta cikin ukun. Ɗalibin ƙasar waje da aka ɗauka ana ɗauke masa nauyin shekarar farko gaba ɗaya, har ɗaki da abinci, sai kuɗin ajiya da zai biya kafin ya zo da kuma na jirgi. Daga shekara ta biyu ana sa ran ya riƙa tara wani abu daga aikin hutun bazara. Matsalar ita ce ƙofar ƙunci gare ta: baƙin da ake ɗauka daga duk duniya wajen talatin ne a shekara.

Abin da ya fi burge ni da tsarin shi ne yadda yake warware matsalar kaɗaici ba tare da an zauna an tsara hakan ba. Yaro mai kunya ba zai je taron ƙungiya ya gabatar da kansa ba, ko an roƙe shi. Amma in aka ce shi da wasu uku ne za su wanke tukwane daga ƙarfe shida zuwa takwas, kafin mako biyu sun san sunan ƙauyen juna. Mu da muka tashi da gayya mun san haka: hirar da ake yi hannu na aiki ta fi wadda ake yi ana kallon juna daɗi. Sannan babu ɗan mai kuɗin da zai sa ka ji ka raina kanka, tunda kowa da irin aljihunka ya zo. Ga al'adar Ranar Dutse a lokacin kaka, inda ake dakatar da darussa a hau tsauni tare, da kiɗa da raye-rayen mutanen yankin.

Ta fuskar tarbiyya, iyaye da yawa za su fi samun natsuwa da Berea. An hana giya a harabar makaranta, kuma al'adarta ita ce maza da ɗakunan kwanansu, mata da nasu. Makaranta ce mai tushen Kiristanci, ko da yake ba ta ƙarƙashin wata ɗariƙa kuma ba ta tilasta wa kowa addini. Sai dai garin ƙarami ne. Al'ummar Musulmi mai yawa, da mahautan halal, suna Lexington, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, kuma ba tare da mota ba tafiya ce babba.

Haɗarinta lokaci ne. Awa 10 na aiki a kan cikakken karatu ba wasa ba ne, kuma ba a ɗaga ƙafa don kana da jarrabawa gobe. Mai son ya shiga ƙungiya biyar, ya buga ƙwallo, ya yi wasan kwaikwayo, zai ga rana ta yi masa gajarta. Waƙafinta ya haura dala biliyan 1, don haka batun rufewa ba abin damuwa ba ne. Sanyinta kuma shi ne mafi sauƙi cikin ukun.

Grinnell: ƙauye mai arziki, ɗalibai na mulkin kansu

Ka ɗauki gonakin masara iya ganinka, ka dasa gari mai mutum ƙasa da dubu goma a tsakiya, ka sa makaranta mai ɗalibai wajen 1,700 wadda layin dogo ya ratsa ta tsakiyarta. Grinnell ke nan, a jihar Ayowa, makarantar da aka kafa a 1846. Des Moines, babban birnin jihar, tafiyar awa ɗaya ce a mota.

Makarantar na da dukiya ƙwarai. Waƙafinta ya haura dala biliyan 2, kuma labarin yadda aka tara shi sananne ne: Robert Noyce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, tsohon ɗalibinta ne, makarantar ta zuba kuɗi a kamfanin tun yana jariri, sannan Warren Buffett ya daɗe a kwamitin amintattunta. Kuɗin da ke rubuce a takarda ya haura dala 80,000 a shekara in an haɗa da ɗaki da abinci, amma kada wannan ya firgita ka ko ya ruɗe ka. Wanda aka ɗauka ana cike masa giɓin abin da iyayensa ba za su iya ba. Sai dai ga ɗan ƙasar waje, yawan tallafin da yake buƙata yana shiga lissafi tun wajen yanke shawarar ɗaukarsa. Mai neman a biya masa komai, gasarsa ta fi zafi.

Darasi ɗaya ne tilas ga kowa, wani ƙaramin aji na shekarar farko wanda malaminsa ke zama mai ba ka shawara. Sauran kai da shi za ku tsara. Wannan 'yanci ya zarce har ɗakunan kwana, inda suke da abin da suke kira mulkin kai: ɗalibai ne ke sasanta tsakaninsu, ba a kafa musu mai gadi a bakin ƙofa. Tun da babu birnin da za a tsere zuwa, dole a ƙirƙiri abin yi a ciki, kuma makarantar na da kuɗin da za ta ɗauki nauyi. Akwai jaridar ɗalibai, Scarlet & Black, da ƙungiyoyi bila adadin; mawaƙa da masu lacca ana kawo su har gida, galibi ba a biyan kuɗin shiga. In kai da abokanka huɗu kuka ce kuna son kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma ko ta muhawara, hanya a buɗe take. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban daga ƙasashen waje suke, ana kuma haɗa baƙo da wani gida a cikin gari da zai riƙa gayyatarsa cin abinci.

Wasanni a duk makarantun nan uku na rukuni na uku ne a tsarin gasar kwalejojin Amurka, inda ba a ba da tallafin karatu don iya wasa. Amfanin haka shi ne yaron da ya iya taka leda a filin unguwa yana da damar gwada sa'arsa, ko ya shiga gasar cikin gida ta nishaɗi. Grinnell ta yi suna da wani salon ƙwallon kwando na gudu ba tsayawa. A Nuwamban 2012 ɗan wasanta Jack Taylor ya ci maki 138 a wasa ɗaya.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a yi tunani. 'Yancin da ke sa wani ya bunƙasa shi ne ke sa wani ya ɓace. A yawancin kwalejoji irin wannan, maza da mata na iya zama a hawa ɗaya na gidan kwana, kuma daren Juma'a da Asabar akwai shagali da shaye-shaye. Ba wanda zai tilasta maka, kuma za ka sami da yawa da ba sa sha. Amma tun a takardar neman ɗaki ya kamata a rubuta ƙarara cewa ana son hawan mata zalla, ko wanda aka hana shaye-shaye a cikinsa. Kada a bari sai an isa.

Na taɓa kai wa wani yaronmu ziyara a wata ƙaramar kwaleji ta karkara irin wannan, ranar Juma'a. Ya ja ni zuwa wani ɗaki a ƙasan ginin ibada na makarantar. Mutum bakwai muka tarar. Wani ɗan Pakistan ɗan aji biyu ya warware dardumai daga cikin kabad, wani ɗan Masar ya kira salla a hankali, shi kuma yaron namu, wanda a gida ko sahun farko ba ya kaiwa, ya miƙe ya yi huɗuba daga 'yar takardar da ya rubuta da daddare. Muryarsa na rawa. Da aka idar suka naɗe dardumai, kowa ya ruga ajin ƙarfe biyu. A hanya ya ce mini, "Kawu, a nan in ban zo ba, sai a rasa liman." Ban taɓa ganin ya ɗauki wani abu da muhimmanci haka ba. Wannan shi ne alherin ƙaramin wuri, kuma shi ne nauyinsa: babu jama'ar da za ta ɗauke ka, kai ne jama'ar.

Ayowa ba baƙuwar Musulunci ba ce. A Cedar Rapids, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Grinnell, akwai masallacin da aka gina a 1934, wanda ake yi wa laƙabi da uwar masallatan Amurka. Amma wannan ziyara ce ta lokaci-lokaci, ba wurin zuwa kullum ba. Sanyi kuma na gaske ne, da iska mai ratsa ƙashi, kuma a Disamba kafin biyar na yamma duhu ya yi. Mai saurin shiga damuwa in ya kaɗaita ya auna wannan da kyau.

Macalester: ƙaramar makaranta a cikin babban birni

An kafa ta a 1874, tana Saint Paul, babban birnin jihar Minesota, wanda kogin Mississippi ya haɗa da tagwayensa Minneapolis. Ɗalibanta sun ɗan haura dubu biyu. Tutar Majalisar Ɗinkin Duniya na kaɗawa a harabarta tun 1950, kuma Kofi Annan, ɗan Kumasi, a nan ya gama a 1961. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda ya ga ɗalibai na sa abin rufe kunne ya ce shi ba zai sa wannan abin muni ba, har ranar da ya fita kunnuwansa suka kusa daskarewa. Daga nan ya je ya sayi mafi girma da ya samu.

Kuɗinta da tsarin tallafinta kusan irin na Grinnell ne: sama da dala 80,000 a takarda, ana cike giɓi ga wanda aka ɗauka, ana kuma duba buƙatar ɗan ƙasar waje kafin a ɗauke shi. Amma birni yana da nasa cin kuɗin. A Grinnell in ka so kashe kuɗi ma sai ka nemi inda za ka kashe. A nan ga gidajen abinci a bakin ƙofa, ga abokai na cewa a fita. Shekara biyun farko a cikin makaranta ake zama, bayan haka da yawa na kama haya a unguwa. Waƙafinta bai kai na sauran biyun ba, amma ɗaruruwan miliyoyin daloli ne, tana tsaye da ƙafafunta.

A kan salla da abinci, nan ne babu gardama. Biranen nan biyu su ne matattarar Somaliyawa mafi girma a Amurka, ga Oromo da sauran 'yan Afirka. Akwai masallatai da yawa, da mahautan halal, da kasuwa irin Karmel inda mace za ta sayi abaya da turare ta sha shayi mai kayan ƙamshi kamar tana gida. A 2023 Minneapolis ta amince a riƙa kiran salla da lasifika sau biyar a rana duk shekara. Daga nan ne Keith Ellison ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin Amurka a zaɓen 2006, Ilhan Omar ta gaje kujerarsa a 2018. Yarinya mai hijabi ba abin kallo ba ce a motar haya ta wannan birni, kuma ranar idi za ta yi salla cikin dubban mutane.

Ta fuskar abin da zai ɗore, birnin na ba da abin da karkara ba za ta iya ba. Majalisar jiha na nan, manyan kamfanoni irin 3M da Target na yankin, ga asibitoci da ƙungiyoyin taimakon 'yan gudun hijira. Ɗalibi na iya zuwa sanin makamar aiki da rana ya dawo aji da yamma, a tsakiyar zango. A kula dai: bizar ɗalibi ta yarda da aikin cikin makaranta har awa 20 a mako, amma na waje sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje, a rubuce, kafin a fara. Masu saɓa wannan na jefa zamansu gaba ɗaya cikin hatsari.

Haɗarinta na ɓoye shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Inda akwai 'yan'uwa a waje, yana da sauƙi mutum ya mai da makaranta wurin zuwa aji kawai, ya gama bai yi aboki ko ɗaya da wanda bai yi kama da shi ba. In haka ta faru, an biya kuɗin ƙaramar kwaleji an yi zaman babbar jami'a. Sanyinta kuma ya fi na kowa. A Janairu ma'auni na sauka digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili.

Wata 'yar magana a kan azumi, da ta shafi duka ukun. A shekarun nan Ramadan na faɗowa a Fabrairu, yana gangarowa Janairu, wato a tsakiyar zango amma ranaku gajeru. Buɗa-baki zai riske ka ɗakin cin abinci na buɗe. Sahur ne abin tambaya: a rubuta wa makaranta tun kafin a karɓi gurbi, a ji ko suna ba da abincin ɗauka a tafi da shi ɗaki.

Biza, da makarantu biyu na kusa da gida

Duk abin da na faɗa a sama ya rataya ne a kan takarda ɗaya. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan. A Disamban shekarar aka ƙara Nijar, aka kuma sa Najeriya cikin waɗanda aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan dokoki na sauyawa, don haka kafin a kashe ko sisi a kan jarrabawa da takardun nema, a fara bincika halin da ake ciki game da fasfon da ke hannu.

Shi ya sa ba zan rufe ba sai na ambaci biyu da aka gina a kan wannan salo a yankinmu. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. Hidimar al'umma na cikin tsarin karatunta, kuma ba ta baka ba ce: a 2014, da masu gudun hijira suka cika Yola, jami'ar da shugabannin addini na gari sun ciyar da dubban mutane, tana kuma da shirin ciyarwa da koyar da almajirai karatu. Jami'ar Ashesi ta Gana kuwa tana kan tudun Berekuso, tafiyar kamar awa ɗaya daga Accra. Patrick Awuah ya kafa ta a 2002 bayan ya yi karatu a Swarthmore, ɗaya daga cikin irin kwalejojin da muke magana, ya kuma yi aiki a Microsoft. A 2008 ɗalibanta suka ɗauki alkawarin gaskiya, suna rubuta jarrabawa ba mai tsaro. Fannoninta sun fi karkata ga kasuwanci, kwamfuta da injiniya. Dukansu biyun masu tsada ne in an kwatanta da jami'o'in gwamnati, Ashesi na da guraben tallafi na gidauniyar Mastercard, kuma babu wadda ke buƙatar biza ga ɗan Najeriya.

| Ma'auni | Berea | Grinnell | Macalester | Yola ko Berekuso |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babu kuɗin koyarwa | Sama da dala 80,000, akwai tallafi mai ƙarfi | Sama da dala 80,000, akwai tallafi, ga kashe-kashen birni | Tsada a ma'aunin gida, jirgi da sutura da sauƙi |
| Abin da ke cika lokaci | Aikin tilas, awa 10 a mako | Ƙungiyoyi da shirye-shiryen ɗalibai | Birni, aikin sa-kai, sanin makamar aiki | Hidimar al'umma, ƙungiyoyi |
| Sauƙin yin abokai | Da sauri, ta wurin aiki | Da sauri, in kana fita | Sai ka sa kanka | Babu baƙunta sosai |
| Salla da halal | Da nisa, sai Lexington | 'Yan kaɗan, ku ne za ku tsayar | A wadace | A wadace a Yola. A Gana akwai unguwannin zango na Musulmi a Accra |
| Abin da zai rage | Shaidar aiki, ba bashi mai nauyi | Shugabanci, kusanci da malamai | Hanyoyin aiki, sanin duniya | Abokai da hanyoyi a inda za ka zauna |
| Babban haɗari | Ƙarancin gurbi, ƙarancin lokaci | Kaɗaici, sanyi, 'yanci ba linzami | Sanyi mai tsanani, watsewar hankali | Nauyin kuɗi a kan iyaye |

Wa ya dace da wace

In gidanku ba za su iya haɗa ko kuɗin zango ɗaya ba, kuma kai mai jure aiki ne, ka sa Berea a gaba, amma kada ka dogara da ita kaɗai, don gurbin kaɗan ne. Ita ce kuma zan nuna wa iyayen da babbar damuwarsu ita ce inda 'yarsu za ta kwana da irin waɗanda za ta zauna da su.

Grinnell ta mai tsayuwa da ƙafarsa ce: wanda zai tashi asuba ba wanda ya tashe shi, wanda in ya ga babu ƙungiyar da yake so zai kafa ta, wanda shiru ba ya tsorata shi. Irin wannan yaro zai fito daga can ya riƙe abubuwan da a babbar jami'a sai ya kai aji huɗu kafin a ba shi. Wanda bai taɓa kwana nesa da gida ba, ko wanda abokai ke juya shi cikin sauƙi, ban ba shi shawarar ya fara daga nan ba.

Wanda ya san cewa in babu jam'i da abincin da ya yarda da shi hankalinsa ba zai kwanta ba, ko mai sha'awar siyasar duniya, lafiyar al'umma ko aikin ƙungiyoyi, Macalester ce tasa, da sharaɗin ya ɗaure wa kansa shiga abu ɗaya ko biyu na cikin makaranta tun zangon farko.

Mai fasfon da aka rufe wa ƙofa a yanzu, ko wanda ya san a nan gida zai yi rayuwarsa kuma yana son abokan karatunsa su zama abokan aikinsa gobe, ya dubi Yola in yana son faɗin fannoni da kusanci da gida, ya dubi Berekuso in kwamfuta ko injiniya ko kasuwanci ne a ransa.

Ita ɗiyar yayata, da muka gama wannan lissafi, ta ja layi a ƙarƙashin Macalester da Ashesi, ta ƙara wani sabon gurbi a takardarta ta rubuta "sahur" a samansa, ta ce za ta aika musu da tambaya a daren.